Martani: Dogon Yaro Da Raga Ba Wasan Yara Ba Ne A Gonar Kabeji

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanan baya a kan darɓar kabeji, wato ƙananan ƙwarin nan da wasu ke kira kwarkwatar ganye, inda ya yi kaca-kaca da masu ba manoma shawarar su riƙa amfani da ruwan dogon yaro da ragar lulluɓe shuka. Hujjojinsa huɗu ne. Na farko, a ganinsa ruwan dogon yaro ba ya kashe komai, manomi zai fesa yau ya dawo gobe ya tarar da darɓa tana nan daram. Na biyu, raga ta fi ƙarfin aljihun talaka, kuma darɓar ma ratsa ta take yi. Na uku, tsintar 'ya'yan dogon yaro da daka da jiƙo ɓata lokaci ne ga wanda ke noma don kasuwa. Na huɗu, duniya ta ci gaba, komawa ga ganye da saiwa ja da baya ne. Daga nan ya rufe da shawarar a riƙa feshin maganin kwalba duk mako, tun daga dashe har zuwa girbi.

Ban yi shakkar kishin da Malam yake yi wa manomi ba. Duk wanda ya ga kabejin da darɓa ta cinye, ganye ya murɗe, kai ya ƙi naɗuwa, dillali ya duba ya kau da kai, ya san zafin da ya sa shi ɗaukar alƙalami. Sai dai shawarar da ya bayar ita ce hanyar da manoman rani da yawa suka daɗe suna bi, daga fadamun Kura da Kadawa zuwa lambunan Jos da na Jiratawa a Maraɗi, kuma darɓa ba ta ragu ba. Don haka nake ganin bai dace a bar maganar ta wuce ba tare da an amsa ta ba.

Mu fara da ƙwaron kansa, domin wanda bai san halin abokin gabarsa ba zai yi ta jifa cikin duhu. Darɓar da ke damun kabeji ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai launin toka wadda jikinta ke lulluɓe da wani farin gari mai kama da kakin zuma, akwai wadda ta fi son dangin kabeji a ƙasashe masu zafi, akwai kuma koriya mai cin amfanin gona iri-iri, har da barkono da dankali. Dukkansu suna maƙale wa bayan ganye da tsakiyar tsiro su soka bakinsu su tsotse ruwan shuka. Suna fitar da wani ruwa mai danƙo da zaƙi wanda ke jawo tururuwa, daga baya baƙar fumfuna ta hau kansa. Suna kuma ɗaukar cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare daga wannan shuka zuwa waccan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda suke hayayyafa. A ƙasa mai zafi irin tamu macen darɓa ba ta buƙatar namiji, kuma ba ta saka ƙwai, 'ya'ya take haifa masu rai. 'Yar da aka haifa yau, cikin mako guda zuwa kwana goma ita ma ta fara haihuwa, kuma kamar uwarta take sak a komai.

A nan ne shawarar feshin mako-mako take tuntuɓe. Idan aka fesa guba, mafi yawan darɓa za su mutu, amma 'yan kaɗan da jikinsu ya jure za su tsira, su haifi 'ya'ya masu juriya irin tasu. A sake fesa wannan magani, a sake tace masu taurin rai. Kafin rani ya ƙare manomi ya reno wa kansa darɓar da ba ta jin magani. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa koriyar darɓa tana cikin ƙwarin da suka fi kowa bijire wa magunguna a duniya, ta saba da rukuni bayan rukuni. Abokiyar ɓarnarta a gonar kabeji, wato ƙaramar tsutsar nan mai huda ganye wadda ke lilo da zare idan an taɓa ta, tun a 1953 aka gano a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya cewa ta daina jin maganin DDT. Shi ya sa za ka ji manomi yana cewa maganin bana ba shi da ƙarfi, ya ninka awo, ya haɗa kwalba biyu ko uku a famfo ɗaya. Sau da yawa maganin bai canja ba, ƙwaron ne ya canja.

Akwai wata asarar da Malam bai ambata ba ko kaɗan. Ka shiga gonar kabejin da ba a yi wa feshi ba, da sassafe, ka juya ganyen da darɓa ta taru a bayansa. Za ka ga wani ɗan ƙwaro ja ko ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigon baƙi, ƙunduƙurmi kamar rabin ƙwayar wake, yana bin su yana ci. Za ka ga wata 'yar tsutsa marar ƙafa tana ɗaga darɓa sama tana tsotse ta. Za ka ga wasu darɓar sun kumbura sun bushe sun koma ruwan ƙasa, wasu da 'yar huda a bayansu. Waɗannan wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya saka ƙwai a cikinsu, ɗansa ya cinye su daga ciki ya fasa ya fita. Ga gizo-gizo kuma yana nasa aikin. Waɗannan ma'aikata ne da Allah Ya ba manomi kyauta, ba ya biyan su ko sisi. Gubar da ake fesawa ba ta tantancewa, kuma su ne suka fi saurin mutuwa domin a fili suke yawo, alhali darɓa tana ɓoye cikin murɗaɗɗen ganye. Bayan feshi darɓa ta farfaɗo cikin kwanaki, masu cin ta kuwa sai sun ɗauki lokaci. Da haka gonar da aka fi yi wa feshi takan zama ita ce ta fi buƙatar wani feshin.

Yanzu ga hujjarsa ta farko, cewa dogon yaro ba ya kashewa. Malam ya auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Yana son ya fesa ya ga ƙwari suna zubowa nan take. Dogon yaro ba haka yake aiki ba. Wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, shi ne ya lura a Sudan a 1959 cewa farar ɗango ta cinye duk wani ɗanyen ganye ta bar na dogon yaro. A 1968 aka ware sinadarin da ke cikin ƙwayarsa, aka sa masa suna azadirachtin. Wannan sinadari yana rage wa ƙwaro sha'awar ci, yana hana ƙanana sake fata su girma, yana rage haihuwar manya. Mai da ke cikin ƙwayar, tare da sabulun da ake haɗawa, yana toshe wa darɓa hanyoyin numfashi. Saboda haka wanda ya fesa yau ba gobe zai duba ba, sai bayan kwana uku zuwa biyar, kuma abin da zai duba shi ne ko taron yana ƙaruwa ko yana raguwa, ko sabon ganye yana fitowa lafiya. Ga ƙwaron da duk ƙarfinsa a hayayyafa yake, maganin da ke karya hayayyafa ya sami lagonsa.

Yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba, idan ka bincika, ba su yi shi yadda ya kamata ba. Wani ganye ya tafasa, alhali ƙarfin yana cikin ƙwaya, tafasa kuma tana raunana shi. Wani tsohon iri ya samo wanda ya yi fumfuna. Wani da tsakar rana ya fesa, hasken rana kuwa yana lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki. Wani a saman ganye ya watsa, darɓa tana ƙasa. Wani kuma sai da kabeji ya gama murɗewa ya tuna da magani. Hanyar da aka sani ba ta da wuya. A tara 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke, a shanya a inuwa, a adana a buhun da iska ke ratsawa. Idan za a yi amfani, a ɓare, a daka ƙwayar ta yi laushi. Giram 50 ake sa wa kowace lita ta ruwa, wato giram 750 ga famfon goyo mai lita 15. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a zuba. Sabulun nan ba ado ba ne: ganyen kabeji yana da santsi, ruwa yana gangarewa a kansa, ita ma darɓa mai farin gari ruwa ba ya kama ta sai da sabulu. A fesa da yamma, a juya bakin famfo sama ya jiƙa bayan ganye da tsakiyar tsiro, a maimaita bayan mako idan an ga buƙata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a fara tun taron darɓa bai wuce 'yan shuka ba.

Ba dogon yaro kaɗai ba ne. A Kumasi ta ƙasar Gana, wani masani mai suna Amoabeng da abokan aikinsa sun gwada ruwan tsirrai tara a kan ƙwarin kabeji, ciki har da barkono da taba da bini-da-zugu da ɗoɗɗoya, suka kwatanta su da wani maganin kwalba da manoman can ke amfani da shi. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna cewa ruwan tsirran ya rage darɓa da tsutsa daidai da abin da za a iya kwatantawa da na kwalba, kuma bai hallaka ƙwarin da ke taimakon manomi kamar yadda na kwalban ya yi ba. Wannan gwaji ne na gona, a Afirka ta Yamma, a kan kabejin da muke magana a kai.

Sai batun raga. A nan Malam ya faɗi gaskiya guda: darɓa tana iya ratsa raga mai faɗin ido. Waɗanda suka fara gwada wannan dabara su ma ba su ɓoye haka ba. A Jamhuriyar Benin, Thibaud Martin na cibiyar bincike ta CIRAD ta Faransa da abokan aikinsa sun lulluɓe kabeji da raga irin ta gidan sauro, suka wallafa sakamako a 2006. Raga ta hana malam-buɗe-littafin dare saka ƙwai, tsutsar ganye da mai cin zuciyar tsiro suka ragu ƙwarai, kabejin sayarwa ya ƙaru. Amma sun lura cewa darɓa tana shiga, kuma idan aka bar ragar a rufe dare da rana takan yi yawa a ciki, domin masu cin ta sun rasa hanyar shiga. Sai suka nemi mafita: a riƙa buɗe ragar da rana a wasu ranaku na mako, a mayar kafin faɗuwar rana. Masu saka ƙwan tsutsa da magariba da dare suke yawo, masu cin darɓa kuwa da rana suke aiki. Buɗewar tana kuma rage zafin da ke taruwa a ciki. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa Kenya, wani kamfanin saƙa na Arusha a Tanzaniya ya riƙa yin ragar musamman ta noma.

To, a ina kuskuren Malam yake? Ya raba abin da ba a rabawa. Ya ɗauki raga ita kaɗai ya ce ba ta tare darɓa, ya ɗauki dogon yaro shi kaɗai ya ce ba shi da sauri. Babu mai hankalin da ya ce a yi ɗaya a bar ɗaya. Raga tana ɗauke wa manomi tsutsa, wadda ita ce ke tilasta masa yawan feshi tun asali. Idan feshin guba ya ragu, masu cin darɓa za su rayu. Abin da ya gagare su, ruwan dogon yaro ya ƙarasa. Kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa, kamar duwatsun murhu ne, ka cire ɗaya tukunya ta kife.

Game da tsada, ban ce raga arha ce ba, musamman yadda kuɗi ya lalace. Amma lissafin Malam bai cika ba. Kwalbar magani ana saye a fesa ta ƙare, a koma a sayo wata, kuma yawancin sinadaran daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Raga idan an kula da ita, an naɗe an adana bayan girbi, tana yin noma fiye da sau ɗaya. Sannan ba dole ne a rufe gona duka ba. Wurin da raga ta fi biyan kuɗinta shi ne wurin renon iri, inda tsiron gona guda yake taruwa a 'yan taku kaɗan na tsawon mako huɗu zuwa biyar. Wanda ya kai tsiro mai tsabta gona ya ci rabin yaƙi, wanda ya dasa tsiro da darɓa a jikinsa shi ya kai ta da hannunsa. Mai ƙaramin lambu a bakin gari yana iya rufe kwaminsa duka, mai kadada biyu ya tsaya ga wurin reno. Gargaɗi ɗaya: kada a kwashi gidan sauron da ake rabawa don kare mata da yara daga zazzaɓin cizon sauro a kai gona. Yana ɗauke da magani a jikinsa, kuma an ba da shi ne don ɗaki.

Wahalar tsinta da daka da ya yi kuka da ita, gaskiya aiki ne. Sai dai itacen nan, tun da aka kawo shi Borno a 1928, ya cika garuruwanmu da ƙauyukanmu, bakin hanya da makarantu da kasuwanni, har zuwa Nijar da Chadi. Duk shekara 'ya'yansa suna zuba ana sharewa ana ƙonawa. Lokacin zubarsu yana riga noman rani, don haka wanda ya tara ya adana ba zai fafe gora ranar tafiya ba. Kuma ba dole ne manomi ya yi da kansa ba. Wannan sana'a ce da mata da matasa za su iya riƙewa, su tara, su daka, su sayar da gari ko mai, kuɗin ya tsaya a ƙauye.

Abin da ya fi damuna a rubutun Malam shi ne babu mai cin kabejin a cikinsa ko sau ɗaya. Kabeji ba dawa ba ne da za a sussuka a jiƙa a dafa. Ɗanye muke cin sa. Mai tsire yana yanka shi a kan nama, mai gurasa tana barbaɗa shi, a gida ana kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, a biki ana yin salak da shi, da azumi kuwa babu gidan da ba ya shiga. Kowace kwalbar magani tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Manomi nawa ne ke iya karanta wannan rubutu na Turanci ko Faransanci? Nawa ne ke jira idan motar kasuwar 'Yankaba ko ta Farin Gada ta iso, farashi kuma ya yi kyau? Shawarar a yi feshi har zuwa girbi, ma'anarta a kai wa jama'a guba a faranti. Ba mu manta ba, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa. Wannan sinadari Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu haɗari ƙwarai, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Turawa suna da ɗakunan gwajin da za su mayar da kaya. Uwar da ta sayi kabeji a bakin titi ba ta da abin gwaji sai cikin 'ya'yanta.

Shi ma mai feshin mutum ne. Yawanci yaro ne matashi, da singileti da gajeren wando, ba takalmi, ba abin rufe hanci, famfo yana yoyo a gadon bayansa. Ya gama ya wanke famfon a magudanar da ake ban ruwa, inda dabbobi ke sha. Idan kansa ya yi ciwo ko ya ji jiri, a ce ya sha madara. Wannan ma kuɗi ne da ake biya, ko da ba ya shiga littafin lissafi.

Don kada a yi mini mummunar fahimta, ba duk abin da ya fito daga tsiro ne marar illa ba. Ruwan taba guba ne mai ƙarfi ga mutum, yana ratsa fata, bai kamata a fesa shi a kan abin da za a ci ɗanye ana dab da girbi ba. Magimfa kowa ya san kifi take kashewa, ba a kusantar ruwa da ita. Barkono yana ƙona ido. Shi kansa dogon yaro, idan mansa ya yi yawa yana ƙona ganye, kuma ya kamata a dakatar da shi kwanaki kafin girbi saboda ɗaci. Ban kuma ce a haramta maganin kwalba ba. Akwai ranar da annoba za ta fi ƙarfin komai, a nemi malamin gona ya zaɓi maganin da ya dace, mai rajista, a bi awo, a sa kayan kariya, a kiyaye kwanakin jira, a kuma riƙa sauya rukunin magani. Saɓanina da Malam shi ne, ya mayar da makamin ƙarshe ya zama na farko, ya kuma ɗora shi a kan kalanda maimakon a kan abin da ido ya gani a gona.

Zancen ci gaba da ja da baya kuwa, ƙasashen da ake cewa sun ci gaba su ne yau suke janye magungunan da ake jibge mana. Tarayyar Turai ta hana amfani da chlorpyrifos a 2020. A ƙasashe da dama ana sayar da maganin dogon yaro a kwalba da rajista, manyan gonakin kayan lambu kuma a cikin raga suke noma. Ci gaba shi ne manomi ya san ƙwaron da ke gonarsa, ya riƙa zagayawa yana juya ganye sau biyu a mako, ya cire ganyen da ya kamu tun da wuri, ya daina tula takin yuriya fiye da kima domin ganye mai taushi darɓa ke so, ya kwashe ragowar kabeji bayan girbi, ya kuma daina dasa sabo a gefen tsohon da ya kamu.

Ina kira ga malaman gona na jihohi, da cibiyoyi irin su IAR da NAERLS na Zariya da INRAN ta Nijar, su kai wannan ilimi bakin fadama cikin harshen Hausa, su yi gwaji a gaban manoma, domin gani ya kori ji. 'Yan kasuwa su kawo ragar noma su riƙa yanka ta daidai ƙarfin mai ƙaramin lambu. Kai kuma manomi, kada ka ɗauki maganata ko ta Malam haka kawai. Ranin bana ka ware kwami biyu ko uku, ka reni tsironsu a ƙarƙashin raga, ka bi su da ruwan dogon yaro yadda aka bayyana, sauran ka yi yadda ka saba. Ka rubuta abin da ka kashe a kowane ɓangare da abin da ka sayar. Ranar girbi ka yanke hukunci da kanka.